Bulo Ɗaya, Gindin Hatsi Ɗaya

Idan ka hau kabu-kabu daga Dumega ka ce a kai ka Tudun Ƙirya, mai babur zai tambaye ka inda za ka sauka, bakin kasuwa ko Matarniti. Kada ka ce Matarniti kana tsammanin ganin ɗakin haihuwa da farin fenti da mata jere a kan benci. Fili ne. Akwai gao guda a tsakiya, akwai wasu guntayen ginshiƙai na siminti da ba su wuce gwiwa ba. Tun da aka raɗa wa wurin wannan suna, mace ɗaya ce ta taɓa haihuwa a can, akuyar Dije mai ƙosai, ita ma tagwaye ta zuba ba ungozoma.

Filin na Jibo magini ne. Ko a ce nasa ne a da. Wannan "a da" ɗin ne ya hana bawan Allah sukuni shekara goma sha uku.

Jibo gajere ne, siriri, kullum da igiyar awo a aljihu. Bai iya zama ba. Idan ya kawo maka ziyara, kafin a miƙo masa ruwa ya tashi yana ƙwanƙwasa katangarka da yatsa, ya gaya maka daminar da za ta faɗi. Ko a masallaci, liman na yin sallama idonsa na kan kusurwar gabas, wadda ya ce ta karkace tun bai yi gemu ba. Shekara biyu ya yi a lakwal, makarantar boko, ya gudu ranar da mushe, malaminsu, ya ce a haddace sunayen kogunan ƙasar da bai taɓa jin labarinta ba. Ci-rani ne ya koya masa gini, Birnin Kabi da farko, daga baya Yamai. Ya dawo gida da cokalin gini da mugun ƙin abu karkatacce, ya auri Sahura, ya zauna. Zaman Jibo dai, wanda rabinsa a tsaye ne.

Cikin Sahura na uku ne ya zo da gardama. Da rana tsaka aka ɗora ta a amalanke, jaki na nutsewa cikin rairayi, Jibo na tura ƙafar amalanken da kafaɗa. Kafin su kai likita yaron ya koma. Sahura ta tashi da ƙyar. Jibo bai yi wata doguwar magana ba. Da aka zo neman wurin da za a gina wa gari ɗakin haihuwa, ya miƙe a gaban maigari ya ce ga gonarsu ta bakin hanya, wadda ta fi kowace gona tasu ba da hatsi. Ƙanensa Abdussalamu, da suke ci daga rumbu ɗaya, ya yi wata guda bai gaishe shi da kyau ba.

Aka sa ranar aza tubalin farko. Wa zai gina ɗan ginshiƙin da babban baƙo zai ɗora bulo a kai? Jibo, mana. Ya ja igiya, ya auna, ya gina shi tsaf a gefen gao. Ranar biki aka kafa rumfuna, aka kawo kujerun roba daga Dogondutsi, aka yanka raguna, makaɗa suka yi ta yi. Ɗan takara ya karɓi sabon cokali mai ɗaure da ƙyalle, ya shafa siminti kamar mai shafa wa burodi mai, aka ɗauki hoto. Bayan motoci sun tafi Jibo ya cire bulon ya sake aza shi daidai, don ya ce ko da wasa ne ba za a bar masa abu a karkace ba.

Siminti bai zo ba. Yashi bai zo ba, ban da wanda Allah ya zuba a wurin tun asali.

Da zaɓe ya sake zagayowa sai ga wani, da wata kalar hula. Wannan ya ce ba zai ɗora hannunsa a kan tubalin abokin hamayya ba, a gina masa nasa. Jibo ya ja igiya daga na farko, taku uku, ya gina. Na uku ma da ya zo haka. Shi har da kwalba ya zo, da takarda a ciki, aka binne cikin ginshiƙin don jikoki su karanta. Samarin fada masu shan shayi a gindin ɗorawa sun ce da a ce goro aka sa a ciki da tuni sun taimaka wa jikokin.

Duk shekarun nan gonar na kwance. Ba mai shuka ta, tunda an ce ta gwamnati ce. Ita kuma gwamnati ba ta san hanyarta ba sai da makaɗa. Amma lanho, harajin kai da maigari ke tarawa kowace shekara, bai taɓa ɓatan hanya ba. Mutanen Tudun Ƙirya kuwa sun daɗe da yanke hukunci a kansa. Idan wata katkat ta manya, mota mai baƙin gilashi, ta wuce ta bule su da ƙura, sai wani ya taɓo na kusa da shi ya ce ya ɗaga hannu, ga lanhonsa can yana wucewa, ko gaisuwa babu. Jibo kaɗai ne ba ya dariya. Shi ne na farko wajen biya, don a ganinsa wata rana kuɗin zai gaji da yawo ya dawo a bayan kamyo, babbar motar kaya, ya zama buhun siminti. Saboda haka aka sa masa suna Darakta, wai daraktan Matarniti. Idan ya zo wucewa samari su tambaye shi mata nawa suka sauka yau. Ya ce uwarsu ce ta farko a layi, ya wuce yana sauri.

Bara damina ta yi gardama. Ɗayar gonar, ta kan tudu, ta gaji, abin da ta bayar bai kai su watan azumi ba. Da ruwan farko na bana ya sauka, Abdussalamu bai nemi shawarar kowa ba. Ya ɗauki irin da ya rage a gidan kakaf, ya kira matan gida, suka nufi Matarniti. Jibo ya tsaya a bakin gona yana cewa wannan ba daidai ba ne, an riga an bayar. Ya faɗa sau uku. A na huɗu sai ga shi a bayan ƙanensa yana rufe rami da diddige, yana kuma faɗan cewa layin ya karkace.

Ƙasar da ta huta shekara goma sha uku, ga takin awakin gari kyauta. Hatsi ya tashi kamar ana jan sa da igiya. Zuwa tsakiyar damina ya kai ƙugu, kore shar, har ginshiƙan suka ɓace a ciki.

A lokacin ne Hakim ya zo. Hakim ma'aikacin meri ne, ofishin magajin gari, yaron kirki mai takalmi sau-ciki da jaka a kafaɗa. Ya kashe babur, ya dubi gonar, ya cire hula ya sosa kai. Ya ce wani babba na zuwa daga Yamai ranar Alhamis, tare da mutanen wani proje, shirin tallafi, za a aza tubalin ɗakin haihuwa. Ya ce wannan karon da gaske ne, shi da idonsa ya ga takardu. Ana so a share filin gaba ɗaya, wurin rumfa shida da wurin ajiye motoci. Jibo ya tambaya ko siminti zai zo tare da su. Hakim ya ce buhu ɗaya, na biki. Ya ƙara da cewa, cikin ladabi, idan wuri bai samu ba akwai ƙauyen gaba da ke roƙo a kai musu.

Kwana uku Jibo bai ci abinci a zaune ba. Ya je gona, ya dawo, ya sake komawa kamar ya manta wani abu. Idan ya tuge hatsin, gidansu ba shi da abin kaiwa baki har wata damina, kuma babu sauran iri. Idan ya hana, aka ɗauke ɗakin aka kai wani gari, kuma ya zamana wannan karon da gaske ne, to duk macen da aka ɗora a amalanke daga yau da sunansa za a tura ta. Abdussalamu ya ce duk wanda ya taɓa masa gindin hatsi ɗaya sai dai a tafi da su jandarmari, gaban hukuma, tare. Maigari ya aiko cewa kada a kunyata gari a gaban baƙi. Samarin fada suka ce a tare hanya da ƙaya, amma ba wanda ya tashi daga kan tabarma, don shayi na biyu bai nuna ba.

Ranar Laraba da hantsi ya sami Sahura tana tankaɗe. Ya zagaya turmi sau biyu, sa'an nan ya tambaye ta ra'ayinta. Ba ta ɗago ba.

"Malam, ni anka ɗora bisa amalanken nan, ba kai ba. Ɗakin ina so nai. Hura ma ina so in dama ma ɗiyana. Ka tambaye su wanne za su ba ni bana."

Ya laluba aljihu ya taɓa igiyarsa, ya fita.

Alhamis da safe aka ga rumfuna a kan hanya, don babu inda za a kafa su. Motoci bakwai suka jeru a rairayi. Hakim na ta share gumi yana kai da kawo. Babban baƙo ya fito, dogo, cikin farar shadda mai ƙara, ya duba hagu ya duba dama, ya tambaya ina filin. Aka nuna masa hatsi.

Jibo ya matso da cokali a hannu, ya durƙusa ya yi gaisuwa yadda ta kamata, ya miƙe.

"Ranka shi daɗe, gonar ga ni na ba da ta, kuma ban janye ba. Sau ukku ana aza min tubalin hwarko. Yau bulo guda kunka kawo, na tuge gindin hatsi guda, wurinai na nan a share. Ranar da kunka kawo ɗari, in tuge ɗari. In kamyo ya zo, ko hatsin ya yi kai, da hannuna zan tuge shi duka."

Makaɗi ya ɗora tafi a kan ganga. Maigari ya dubi ƙasa. Wani daga cikin ƴan rakiya ya fara cewa wannan rashin kunya ne, baƙon ya ɗaga masa hannu. Ya dubi Jibo, sa'an nan ya tambaya ta ina ake shiga.

Haka aka shiga, ɗaya bayan ɗaya, tsakanin layukan hatsi, Jibo a gaba yana cewa a kula da ƙafa. Abdussalamu na biye a baya kamar makiyayi, yana lura da inda kowane takalmi ya sauka. Raɓa ta jiƙa shaddar, ƙarangiya ta samu wurin zama a safa. A gindin gao suka tarar da tsofaffin ginshiƙai uku da sabo guda, kowanne taku uku daga ɗan'uwansa, igiya ta zagaye su. Baƙon ya tsaya ya ƙirga su da ido. Bai tambayi na wane ne ba. Ya aza bulonsa, mai hoto ya rasa inda zai tsaya, duk hoton da ya ɗauka rabin ganye ne. A jawabin da aka yi a bakin hanya an ce kamyo zai zo kafin kaka. Jama'a suka tafa, wani a baya ya tambaya wace kakar, aka ce ya yi shiru.

Daga ranar Jibo ya zama mai gadin hanya ba albashi. Yana cikin noma, idan ya ji ƙarar inji sai ya yar da hauya ya haye kan ginshiƙi yana leƙe. Sai ya ga mai ɗaukar wake ne za shi Ɗan Kassari. Wata rana kamyon yashi ya taho da gaske, Jibo ya sheƙa da gudu har takalmi ya fita, ashe direban hanyar Tibiri yake tambaya. Jibo kansa bai san abin da yake roƙo ba. Da safe ya ce Allah ya kawo su, da yamma ya dubi zangarniya ta fara cika ya ce Allah ya sa su ƙara mako biyu.

Ba su zo ba. Hatsi ya nuna, aka yanka, aka ɗaure dammuna har Abdussalamu ya fara gaishe da yayansa tun daga nesa. Sai tsohon rumbu ya ƙi ɗauka. Jibo ya je ya tsaya a gaban ginshiƙan nan huɗu, waɗanda shekara goma sha uku yana aza su da igiya don su zama kusurwoyin ɗakin farko. Ya ƙwanƙwasa kowanne da yatsa. Ya sa aka kawo itace aka gicciya a kai, aka saƙa zana, aka ɗora rumbu. Ya ce gara ba za ta hau siminti ba, kuma aiki ne na gwamnati, ya kamata ya yi ƙarko.

Hakim ya biyo wata rana ya gani. Jibo ya ce masa ya rubuta a takardarsa cewa rumbun aro ne, yini ɗaya ya isa a sauke shi. Sahura ta ba Hakim fura a ƙwarya, ta sabon hatsi, ya shanye tas.

Da maigari ya aiko a kawo lanhon bana, Jibo ya je, amma a karon farko ba shi ne na gaba ba. Ya bari layi ya yi tsawo, ya tsaya a ƙarshe yana canza ƙafa, kunnensa na wajen hanya.