Takalmin Soja a Cikin Kwano

Ni ba mai riƙo ba ce. Ko kaza za a yanka a gidana, ɗaki nake shigewa sai an gama. Amma akwai mutum guda da na riƙe a raina shekara da shekaru, shi ne ƙanin mijina.

Lokacin yaƙin basasa muna zaune a Birnin Kebbi. Maigidana malamin gona ne, kusan kullum yana fadamar Zauro. Ƙanin nasa akawu ne a Kaduna, in ya zo hutu sai ka gan shi da jaridu a hammata, takalmi yana sheƙi. Wata rana da la'asar ya baje jarida a kan tabarma, ga hoton sabon jirgin yaƙin da gwamnati ta sayo, hancinsa tsini kamar mashi. Na kawo musu fura, na ɗan tsaya ina kallo, don ni ma na yi makarantar 'yan mata, ina son karatun jarida.

"Yaya, ƙasar da ba ta da wanga abu kaza ce, shaho na bisa," in ji shi. "Mun karɓi mulkin kai, sai mu zauna babu haƙori? Su can suna da nasu jirgin, har sun jefa wa mutanenmu bam."

Maigidana ya ce, "Kuɗin guda ɗaya da ya isa a tare mana ruwan Rima. Bana ambaliya ta cinye shinkafar Zauro, da idonka ka gani. Kuma wa ke tuƙa shi? Baƙi anka ɗauko haya."

"To sai a koya wa namu! In an ci ka da yaƙi, wa zai ci shinkafar?"

Gaskiya a ranar ban ga laifin maganarsa ba. Abin da ban lura da shi ba, ƙanena mai bi mini, wanda ya kawo mana busasshen kifi daga Argungu, yana gefe ya ƙura wa hoton ido. Saurayi ne mai hannun gyara. Keke, fitilar aci-bal-bal, injin niƙa, duk abin da ya lalace a unguwarmu shi ake kai wa. Ƙanin mijina ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Irinka ake nema. Ka shiga soja, injin jirgin nan za a koya maka."

Ya shiga. Bai taɓa taɓa jirgi ba, bindiga aka ba shi aka tura shi daji a ƙasa.

Bayan damina wani soja ɗan Augie ya yi sallama a gidanmu na Argungu da ƙunshi a hannu. Takalman ƙanena ne. Ya ce ba harsashi ya kashe shi ba. Ƙasan takalmin ne ya ɓare, sun nemi sabo babu, ya ɗaure da waya ya ci gaba da tafiya cikin taɓo. Wani ƙarfe ya soke shi a tafin ƙafa, ciwon ya ruɓe, inda aka kwantar da shi babu magani. Ya ce jiragen kan wuce ta kansu da ƙara, ƙanena yana kwance yana bin su da ido. Inna ta kasa duban takalman, ni na karɓa na ɓoye.

Ƙanin mijina ya zo ta'aziyya. Na yi zaton kunya za ta rufe masa baki. Ina! A zauren Baba, gaban dattawa, ya ce da jiragen sun fi haka yawa da tuni an gama yaƙin, yaro yana gida. Sannan ya ce a ba shi autanmu ya tafi da shi, wannan karon ya san wanda zai riƙe masa hanya. Auta kuwa zuciya na cinsa, so yake ya rama wa wansa. Baba mutum ne mai kunyar surukai, bai iya cewa a'a ga baƙon da ya zo gaisuwa ba. Aka tsayar da magana za su bi motar safe. Inna ta zauna bakin murhu tana hawaye, ta ce hayaƙi ne.

Mace ba ta shiga zaure ta yi wa maza musu. Amma tsakanin matar wa da ƙanin miji akwai wasa, kuma wasan nan ba a fushi a cikinsa, wanda ya yi fushi shi ya ji kunya. Da ina amarya ya taɓa ɓoye mini muciya sai da na fanshe ta da goro, ni ma na taɓa aika masa kwano a rufe, ƙayar kifi zalla a ciki.

Da aka sallame azahar na zuba wa dattawa tuwon shinkafa da miyar kifi. Shi kuwa na ɗauko babban kwanon Inna na baƙi, na sa takalmi ƙafa guda a ciki, na rufe da faifai mai ado. Na yi bismilla. Na tura kwanukan ta ƙofar zaure ta ciki, na tsaya bayan asabari.

"Maigida ƙarami, ga naka na musamman. Girkin manyan Kaduna ne, ba a ci da kowa."

Ya yi dariya. "Matarmu, yau kuma mi kinka haɗa mini? In ƙaya ce, na sake ki tun kafin in aure ki."

Dattawa suka dara. Ya ɗaga faifai.

Ga waya nan a naɗe, ga ramin tafin ƙafa, cikinsa baƙi ƙirin da busasshen jini.

"Ci mana, angona," na ce. "Injin jirgi ne. Shi anka koya wa ƙanena. In bai ishe ka ba akwai ƙari."

Ta tsagar asabari na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Wani tsohon masunci ya ce a hankali, "Wasa ne, akawu. Ba a fushi." Dole ya yashe baki. Wallahi wannan yaƙen da ya yi ya fi mini ruwan randa sanyi.

Baba ya jawo takalmin, ya zura yatsunsa ta ramin har suka fito waje. Sannan ya dubi auta ya ce, "Gobe akwai su a kogi, za a kama kifi. Ka ɗauki homar yayanka da gorarsa." Ya juya ga baƙonsa ya ce, "Na ba ƙasa ɗa guda. Wanga na kogi ne."

Motar safe ta tafi da akawu shi kaɗai. A hanyarmu ta komawa Birnin Kebbi maigidana bai ce komai ba sai, "Gishirin ya yi yawa." Na ce masa daidai na zuba.

Sun ci gaba da musunsu na jirgi da madatsar ruwa har furfura ta kama su, ban ƙara sa musu baki ba. Autanmu ya tsufa a bakin Rima, jikokinsa ne ke kawo mini kifi yanzu. Na yafe wa mutane da yawa a rayuwata, kuma ina roƙon Allah Ya yafe mini. Shi kam na bar shi da Allah. Ɗaya ƙafar takalmin tana nan a ƙasan adakata. Na ajiye masa ne, ko da wata rana zai sake kallon ɗan wani ya ce irinsa ake nema.