Kifin da Kaka ta ƙyale

Kwanan baya na shiga wani farmasi a Konni zan sayi maganin ciwon gwiwa. Ina tsaye ina jiran mai shagon ya gama latse-latsen wayarsa, sai kunnena ya tsinci wata ƙara ƙasa-ƙasa, ɓul-ɓul-ɓul, irin ta iska idan tana fita ta cikin ruwa. Na waiga. Akwatin gilashi ne a kusurwa, cike da ruwa, da ƴan kifaye jajaye suna kai da kawowa. Wallahi sai da na nemi benci na zauna. Mai shagon ya zaci jiri ne ya ɗebe ni, har ya miƙo mini ruwan sha. Ban ce masa komai ba, don in na fara ba zai rufe shago da wuri ba. Kai da ka zauna karatu, kai zan gaya wa.

A Malbaza na tashi. Baba yana aiki a izin, wato masana'antar siminti, kuma gidanmu na cikin gidajen ma'aikata, inda ake samun kuran, wato wutar lantarki, idan ya ga dama. Mu mata ne reras, namiji ɗaya tal, shi ne autanmu. Ƙanen nan nawa da ciwo aka haife shi, wanda a lokacin ake ce wa sanyin ƙashi. Da damina ta sauka gaɓoɓinsa za su kumbura, idanunsa su yi ruwan ɗorawa, ya kwanta yana murƙususu, ko taɓa shi aka yi sai ya yi ƙara. Saboda shi Kaka, mahaifiyar Baba, ta bar ƙauyensu na wajen Dogarawa ta dawo wurinmu. Doguwar tsohuwa ce mai kaurin murya, wadda ta yi shekaru tana noma gonar mijinta ita kaɗai bayan ya rasu. Wasan jika da kaka kuwa tsakaninsu ba a magana. Ita tana ce masa maigidana, shi yana ce mata tsohuwa, kullum suna faɗan kuɗin cefanen da bai bayar ba.

Maƙwabcinmu wani ma'aikacin lantarki ne, mutumin wajen Gaya, ɗan bakin kogi da ba ya iya zama bai ga kifi ba. Yana da akwatin gilashi a ɗakinsa, da ƴar na'ura mai hura wa ruwan iska. Duk ranar da ƙanena ya ji dama, can zai wuni ya manna hanci a gilashin. Da aka yi wa mutumin canjin wurin aiki, ya ce akwatin ba zai jure tafiyar mota ba, ya ɗauko shi da kansa ya ajiye kusa da shimfiɗar yaron. Kifayen ba su fi tsawon yatsa ba. Ya nuna mana yadda ake gane su: namijin siriri ne, ja wur, ƙasan wutsiyarsa ya yi tsini ya miƙe kamar takobi, matan kuwa launinsu bai kai nasa ba, cikinsu a cike, wutsiyarsu a zagaye. Namijin guda ne. A cikin matan akwai wata ƙatuwa mai tafiyar ƙasaita, ita ƙanena ya sa wa suna Hajiya.

Aikina ne sauya ruwa. Nakan ɗebo na famfo in bar shi ya kwana a randa kamar yadda aka koya mini, in rage na akwatin da ludayi, in ƙara sabo, ina yi ina mita, don ni a lokacin ban ga abin so a kifin da ba ya shiga miya ba. Ciyarwa kuwa ta ƙanena ce, ba mai taɓa masa. Da gwangwanin abincin da aka bar mana ya ƙare, Inna ta riƙa daka masa busasshiyar fara, shi kuma ya aike mu mu tato tsutsar sauro daga tsofaffin tukwane. Tsabar kallo ta sa ya san su fiye da yadda ya san mu. Shi ya lura cewa in aka ɗauke kuran da rana ruwan ya yi ɗumi, sai launinsu ya koɗe. In kyanwa ta leƙo ta saman akwatin, su yi fari fat su lafe a ƙasa. In sun ƙoshi da tsutsa aka kuma bar su lafiya, jan ya dawo har da ƙyalli. Yakan ce kifi ma yana da ranar da ba ya jin daɗi, kamar shi.

A wata bazara mai tsanani, wadda ko katanga ka jingina da ita sai ta ƙona ka, namijin ya mutu. Ƙanena ya sa muka binne shi a gindin zogale. Muka ce shi ke nan, sai zaman mata. To, ba a daɗe da yin shuka ba, ya kira ni wata safiya ya ce in zo in ga Hajiya. Na duba, ban ga komai ba, na ce ya ƙyale ni da shirme. Amma da kwanaki suka tafi sai abin ya fito fili har makaho ya shafa. Cikinta ya zube, janta ya yi duhu, ƙasan wutsiyarta ya fara tsini yana ƙara tsawo. Tafiyar ƙasaitar nan duk ta watsar, ta koma bin sauran matan tana zagaya su, daidai yadda marigayin yake yi. Ƙanena ya yi ta dariya har yana riƙe haƙarƙari, ya ce Hajiya ta zama Alhaji.

Labari ya zaga gidajen ma'aikata, aka yi ta zuwa kallo, kowa da bayaninsa. Baba ya ce ruwan Malbaza ne, farar ƙasa ta yi masa yawa, ga kuma zafin da suka sha. Inna ta ce farar da ake ba su ce, ita dama ba ta yarda da ita ba. Mushen ajinmu, wato malaminmu, ya zo da kansa, ya gyara tabarau, ya ce ya taɓa karanta cewa akwai kifayen teku da macensu ke komawa namiji in babu namiji a garken, amma shi a ganinsa wannan tun asali namiji ne, girma ne ya zo masa a makare. Ƙanena ya ce ina, shi da idonsa ya ga ta haihu. Mushe ya ce wata ce ya gani. Suka yi ta musu, babba da yaro, ba wanda ya sauka. Limamin masallacinmu da aka tambaya ya ce ikon Allah ya fi haka, kada kowa ya ɗora wa abin wata fassara.

Kaka ce kaɗai abin bai burge ta ba. Ta zo ta tsaya gaban gilashin ta daɗe, ta juya ta fita, ranar ko tuwo ba ta ci ba. Washegari muna tsinkar zogale ni da ita da Inna, sai ta yi magana ba tare da ta ɗaga kai ba. A ƙauyensu, in kaza mace ta yi cara irin ta zakara, ba a barin ta ta kwana. Yanka ta ake yi a ba da naman sadaka, don an ce mace ba ta ɗaukar muryar namiji sai in wurin namijin gidan zai zama fili. Inna ta ce ai wannan kifi ne, ba kaza ba, kuma liman ya ce camfi ba kyau.

Kaka ta ce, “Ɗiyata, ni ba ji na yi ba. Kazata ta yi cara gabana, na ƙyale ta don tana yi mini ƙwai. Ba a kai girbi ba na shiga takaba. Yanzu ki duba gidanga ki hwaɗa mini, namiji nawa gare ki?”

Hannun Inna ya tsaya cikin ganyen. A lokacin kuwa ruwa ya zauna sosai, ciwon ƙanena ya tashi, kwana da kwanaki bai taka ƙasa ba.

Sai dai al'adar ba ta san da kifi ba. Kifi ba a yanka shi, kuma wannan ko kyanwa aka ba sadakarsa sai ta raina. Kaka ta yi ta juya abin, daga ƙarshe ta yanke cewa za ta kai shi tafkin bayan gari ta sake shi, ya tafi da abin da ya zo da shi. Baba bai yarda da maganar ba ko kaɗan, amma duk da hular kwanonsa ta izin, gaban Kaka yaro ne. Iyakar abin da ya iya cewa shi ne a bari sai yaron ya yi barci, in ya farka a ce masa kifin ya mutu. Ni haushi ya cika ni, don na san in ciwon ya motsa ba abin da ke ɗauke masa hankali sai wannan kifin. Allurar likita ma ba ta kai shi ba.

Da hantsi, bayan ya sha koko ya lumshe ido, Kaka ta shigo da ƙwarya da ludayi, ta ce in riƙe mata. Ta yi ta farautar Hajiya a cikin akwatin har ta samu ta kwaso ta. Kifin ya faɗa ƙwaryar ya koɗe nan take, jan nan duk ya gudu. Ashe ƙanena idonsa biyu, kuma duk shawarar da aka yi a tsakar gida ta shiga kunnensa. Bai yi kuka ba. Ya ɗago hannunsa mai kumburi da ƙyar, ya kai haɓar Kaka da ta sunkuyo, ya kama ƴan gashin nan farare da tsufa ya fito mata da su.

Ya ce, “Tsohuwa, ke ma ga gemu ya fito miki. Wa ya kai ki tafki?”

Dariya ta kuɓuce wa Kaka, irin wadda ba a shirya ba, har ludayin ya faɗi. Ni ma na yi. Shi bai yi ba. Ya dube ta ya ce, a hankali, “In kin tafi da ita, me zan kalla in abin ya taso?”

Na ga fuskar Kaka a lokacin, kuma har gobe ina ganinta. Tsoro ne tsantsa, irin na wanda ya san abin da ya sani. Ta dubi ƙwaryar da ke hannuna, ta dubi yaron, ta daɗe. Sannan ta karɓi ƙwaryar ta karkata bakinta cikin akwatin, kifin ya sulale ya koma.

Ta ce, “To maigida, ka ci. In akwai abin da ke tahe, Allah shi sauke shi bisa kaina.”

Ranar ta sa aka yanka kazarta guda da ta zo da ita daga ƙauye, ta dafa ta raba wa yaran unguwa. Kuma cikin ikon Allah ƙanena ya tashi. Kafin a yanke gero yana tsakar gida yana tsokanar kowa, da aka koma lakwal, wato makaranta, shi ma ya koma, ya yi wata da watanni bai kwanta ba. Ban taɓa ganin sa da ƙiba da surutu irin na shekarar nan ba. Kaka da kanta ta koma tato masa tsutsar sauro, tana yi tana zagin Alhaji, wai ƙaton banza ya ci ya sha ba ya noma. Su biyun sukan zauna gaban gilashin da la'asar suna gardamar ko wane ne ya fi wani gemu.

Damina ta zagayo, ciwon ya dawo da ƙarfin da bai taɓa zuwa da shi ba. Aka kai shi likita, aka yi abin da za a iya, Allah ya karɓi abinsa. Kaka ba ta yi kuka gaban mutane ba, ita ce ma ke ba masu zuwa gaisuwa haƙuri. Sai da gida ya watse na ji ta a bayan ɗaki tana ce wa Inna sau biyu ke nan tana ƙyalewa, kuma sau biyu ana ɗaukar mata. Inna, wadda ɗanta ne ya tafi, ita ta riƙe ta tana cewa kwana ne ya ƙare. Kaka ta gyaɗa kai kawai. Bayan girbi ta ɗaure kayanta ta koma ƙauye, ba ta sake kwana gidanmu ba har ta rasu. Akwatin kuwa Baba ya ba wani abokin aikinsa, da kifayen da komai.

Yau ciwon yana da suna, sikila, kuma kowa ya san a jini yake, daga uwa da uba ake gadonsa. Ƴata ma sai da aka auna jininta da na mijinta kafin a ɗaura aure. Maganar kifin kuma na sa ɗana ya bincika mini a waya. Ya ce masana sun ce wani namijin yakan makara bai nuna kansa ba, wata macen kuma in ta tsufa takan ɗauki kamannin namiji, launi kuwa abinci da zafi da tsoro duk suna juya shi. Wato Mushe da ƙanena har yanzu ba a raba musu gardama ba.

Yaran yanzu in na ba su labarin kaza mai cara dariya suke yi, ni kuwa ba na iya taya su. Kaka ta yarda har cikin ranta cewa ran jikanta take sakawa a caca, amma ta kasa ɗauke masa abu ɗaya da yake kallo ya ji sanyi. Abin da ke ci mini rai shi ne ta tafi kabari tana ganin tausayinta ne ya kashe shi. Ciwon yana jikinsa tun ranar da aka haife shi, ko an kai kifin tafki ko ba a kai ba. Shekarar nan guda da ya yi yana dariya gaban gilashi kuwa ita ta ba shi, kuma ba ta taɓa sanin haka ba.