Ogan Babana

A ɗakin Babanmu a Bukan Sidi akwai hoton wani hafsan soja da muka taso muka tarar. Ba na kyamara ba ne. Wani abokin Baba ɗan Agyaragu ne ya zana shi a bakin daga, lokacin yaƙin basasa, da tawada da launin da ake damawa da ruwa. Hula a karkace, baki a tsuke, idanu kuwa duk inda ka tsaya a ɗakin suna kanka. Ni dai ban taɓa son mutumin nan ba.

Shi ne ya ajiye Baba gadin wata gada, ya ce kada ya motsa sai ya dawo. Bai dawo ba. Aka gama yaƙi, Baba ya yi aure, ya haife mu, ya tsufa, amma kullum da safe sai ya ƙame a gaban hoton ya sara masa. Mu kuwa mu laɓe muna dariya.

Da ciwon ajali ya kama shi, dariya ta ƙare. Ya daina ci, likita ya ce mu kai shi gida, amma rai ya ƙi fita. Sai nishi, sai kallon bango. Yayana ya ce a fitar da hoton, mala'iku ba sa shiga ɗakin da yake. Da ya kai hannu, Baba ya riƙe masa riga da ƙarfin da ba mu san yana da shi ba.

"Oga bai sallame ni ba," in ji shi.

A ranar, da hantsi, Inna mahaifiyarmu ta sauke hoton da kanta, ta ɗauko ƙwarya, ta wanke shi kamar yadda ake wanke allo. Ina kallo fuskar ta narke, ruwan ya koma ja-ja. 

Ta tallafo kan Baba, ta kai ƙwaryar bakinsa ta ce, "Ga shi, Oga ya aiko. Ya ce ka sauka."

Baba ya shanye tas. Ya ɗaga hannu a hankali har goshi, yana kallon bayan Inna, inda babu kowa. Kafin azahar ya cika.

Har yau abin yana ci mini rai. Mu da muka kwana muka tashi da shi, muna kuka muna roƙon ya huta, bai saurare mu ba. Mutumin da ya manta da shi a bakin gada ya yi magana sau ɗaya, ya bi.