Hoton da Ya Ƙi Tasowa

Na fara ganin Sajo mai hoto ranar Litinin, 9 ga Maris, 2015, a ofishinmu na Gumel inda nake aikin akawu. Ya shigo riƙe da akwatin katako mai gilasai biyu.

Sana'arsa ita ce ya ɗauki abu hoto, ya gusa gefe kaɗan ya sake ɗauka, ya liƙa biyun a kwali ɗaya. In ka leƙa ta gilasan, kowane ido ya kama nasa, sai abin ya taso kamar a gabanka yake. Ran Alhamis yakan kai akwatin kasuwar Maigatari, fatake su leƙa su zabura, sun ga raƙumi zai taka su.

Hoton matarsa Ummulkhair ne ya gagare shi. Ranar ɗaukar tana ta tsokanarsa, sai ya matsa gaba maimakon gefe, fuskarta a hoton dama ta fi ta hoton hagu girma. Da daminar shekarar ta rasu. Ya yi ta datse gefen takardar da reza, amma datse takarda ba ya rage fuska. In ya leƙa, kai biyu yake gani. Masu shagon kwafin takardu sun gwada rage hoton, kullum sai su zarce.

"Malam akawu," in ji shi, "an ce injinku na kwafi yana rage hoto daidai yadda aka so. Kamar bakin farce nake nema."

Injin a lalace yake, takardar gyaransa na kwance a teburin shugabanmu. Sajo ya yi ta zarya. Yazid direba yakan ce, "Baba Sajo, ka sake aure mana, ya fi sauƙi."

"Kai da ko ta fari ba ka samu ba?"

Sai a 2018 aka gyara injin, da za a yi baƙi daga Dutse. Na rage hoton, na auna tazarar idanunta har biyun suka daidaita, na kai masa gida. Na tarar idonsa na hagu ya mutu. Ya leƙa, ya daɗe, ya miƙo mini akwatin.

"Duba mini. Ta taso?"

Ta taso, har gefen mayafinta. Na gaya masa.

"To," ya ce. "Kai ka gani."

Ya bar sana'ar, ya koma wajen ƙanensa a Ɗanzomo. Can ya rasu a 2021. Akwatin kuwa yaran gidan sun cire gilasan suna ƙona takarda da su a rana.