Jar Fitilar da Ka Ƙi Kashewa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Maris, bayan sallar Azahar, Allah ya karɓi ranka, Yaya, wata huɗu da korarka daga aiki.

Ni ce mai digiri a gidanmu, amma kai ake kira Injiniya, kuma ban taɓa jin an yi kuskure ba. Kai ka koya mini riƙe sukundireba. Da na faɗi jarrabawa a shekarar farko, ba ka yi mini faɗa ba. Rediyon Baba ka kwance, ka ce kada in tashi sai ya yi magana.

Da kamfaninku ya sayo tsofaffin firij na adana magani, fitilun gabansu ƙarya suke yi. Ka zauna sati uku ka rubuta musu sabuwar manhaja: kore lafiya, ja sanyi ya ragu, sai ƙara ta tashi har a danna maɓallin hagu. Manaja ya ce jar tana tsorata baƙi, ka mai da ita kore. Ka ce, "Ranka ya daɗe, fitila ba ta san baƙo ba." Sai ya liƙe ta da baƙin salatif.

Magani ya lalace. Aka ce manhajarka ce ba ta yi gargaɗi ba. Ka dawo gida da kayan aikinka a leda, hawan jini ya biyo ka.

Manaja ya zo gaisuwa, Yaya. Ya sha turare, ya zauna a tabarmar gaba, ya ce wa Inna, "Hajiya, ni dai na yafe masa." Inna ta yi godiya. Ni na kai masa ruwa, mai sanyi sosai.

Abin da bai sani ba, kai ba ka yarda da maɓallin da ba ya tuna hannun da ya taɓa shi. A gadon asibiti ka gaya mini: a danne maɓallin hagu da na dama tare, jar fitilar za ta ƙifta sau ɗaya kan kowane gargaɗin da aka kashe. Ka ce in bari, Allah na gani. Na yarda yana gani. Kwamitin bincike ne ba ya gani, sai an nuna masa.

Ma'ajin siton kamfaninku ya ɗaga salatif ɗin ya gwada mini jiya, sannan ya mayar. Sau arba'in da ɗaya. Makullin ɗakin firij kuwa, a wancan lokacin, a aljihun Manaja kaɗai yake. Ranar Litinin kwamiti zai zauna, zan je da yatsu biyu in ɓare salatif ɗin.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ya ba Inna da Anti matarka da yaranka haƙuri. Manaja kuma, Allah ya ba shi lafiya da tsawon rai, aƙalla zuwa Litinin.