Yadda Na Fasa Zugazugin Kakanmu Da Iskar Ruwa

Edita, lokacin da naira take sabuwa a hannun mutane, ni maƙeri ne a Kurfi, ina ƙirar fartanya da garma, kodayake bakina ya fi hannuna aiki. Boko aji biyu na yi na gudu. Abin taƙamar maƙerarmu shi ne zugazugin fatar akuya da muka gada daga kakanmu. Yayana kan shafa masa mai kamar jariri, ni kaina sai da izini nake taɓawa.

Wata rana wani malamin kimiyya, Kirista ɗan kudu da ke koyarwa a Dutsin-Ma, ya zo in ƙera masa sandunan ƙarfe biyu. Da na tambaye shi amfaninsu, ya ce wai ruwa iska biyu ne a haɗe, lantarki na raba su, ɗaya tana cin wuta, ɗayar tana hura ta. Ya ce Turawa da ƙarfe mai tsada suke yi, shi kuwa yana gwada ko baƙin ƙarfe a ruwan kanwa zai yi. Ya ja mani kunne cewa kowace iska da kwalbarta, kada a yarda su haɗu. Ni dai abin da na ji shi ne, ga wuta ba gawayi.

Ranar da yayana ya tafi suna Birchi, na ari batirin motar wani direba, na jiƙa kanwa a randa, na zura ƙarafa biyu a ciki, na haɗa su da batirin da waya. Ruwa ya kama kumfa kamar miya ta tafasa. Kwalba kuma ina zan tsaya nemanta? A wurin maƙeri, gidan iska zugazugi ne. Na kifa ƙwarya mai huji a bakin randar, na ɗaura zugazugin kakanmu a kai, iskokin nan biyu suka taru a ciki. Sannan na tara 'yan kallo, na tuna masu cewa mu maƙera wuta ba ta cin mu, na matsa zugazugin, iskar ta shiga garwashi.

Ƙarar da ta tashi sai da awakin unguwa suka tsinke igiya. Zugazugi ya tarwatse, gemuna da girata suka bi shi. Da yayana ya dawo ya ga fuskata sumul kamar ƙwai, sai ya tambaya ko ni ma sake haihuwata aka yi, a yanka rago. Ya yi dariya har da hawaye, amma da ya tsinci guntun fatar a ƙasa, dariyar ta tsaya. Ya ce gemu zai dawo da kansa, ɗinkin kaka fa wa zai dawo da shi? Wannan magana ta fi ƙunar zafi.

Mun ɗinka sabo, amma bai taɓa hura wuta kamar wancan ba. Na ji har yanzu masana na ta gwajin nan da baƙin ƙarfe, Allah ya ba su sa'a. Ku kuwa masu karatu, in mai ilimi yana yi maku bayani, kada ku tashi daga inda ya yi daɗi. Ku zauna har ya kai wurin da yake cewa kada. In kuma gwajin ya zama dole, ku yi da naku, ku bar kayan gado a rataye.