Ranar da Na Amsa wa Ƙanwata Tambayoyi

Ciwon ƙanwata ba ya sallama in zai zo, ba ya sallama in zai tafi. Shekaru kaɗan bayan Lafia ta zama babban birnin jiha ya fara taɓa ta. Ido ɗaya ya dushe sati uku, ya washe. Bayan haihuwarta ta biyu ƙafar hagu ta mutu, ta dawo da kanta. Tela ce, da keken ƙafa take ɗinki, sai ga ƙafa ta daina jin abin da take takawa. Mun yi rubutu da tofi, mun tara katin asibiti kala-kala, wannan ya ce taifot, wancan ya ce ƙarancin jini. Sai a wani babban asibiti, tafiyar awa huɗu daga gida, aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarta. Likita ya ce ana kiran ciwon em-es, jiki ne ke cinye rigar jijiyoyinsa yadda ɓera ke yi wa wayar lantarki. Akwai allurar da ke rage dawowarsa, in ji shi, amma ba ta irinmu ba ce.

Ana nan sai likitan ya aiko mana cewa wani kamfanin magani ya haɗa hannu da asibitin. Sun gyara ɗaki guda, likita da nas da mai gashin ƙashi duk wuri ɗaya, ba sauran yawo daga layi zuwa layi. Kuma za su zaɓi mutum kaɗan su riƙa ba su allurar kyauta. A zo a tantance.

Iyakar abin da aka gaya mana ke nan. Ni kuma na zauna na yi tunani irin nawa. Na ce kamfani ba zai zuba maganinsa a jikin da ya riga ya lalace ba, wanda zai tashi ya nuna aikin magani suke nema. Na ɗauki abin kamar ɗaukar ma'aikata. Na yi mata kitso da lalle, na goge mata atamfarta mai kyau, na karɓe sandar da take dogarawa na tura ƙarƙashin kujerar mota.

"Yaya, in na faɗi fa?"

"Ba za ki faɗi ba. Riƙe ni kamar muna hira."

Zafi ne abokin gabar ciwon nan. Da rana tsaka a Lafia ko kofi ba ta iya riƙewa. Amma da asuba muka tashi, ɗakin nasu kuma sanyin na'ura har cikin ƙashi. Ta taka daga ƙofa zuwa kujera lafiya lau, ni ina ta hamdala a zuci.

Wani saurayi mai ɗaure da lakatai a wuya ne ke riƙe da takardar tambayoyi. Wan mijinta, wanda ya tuƙo mu, ya biyo mu ciki ya zauna, ba wanda ya ce ya jira a waje.

"Sau nawa ciwon ya tashi cikin shekara biyun nan?"

Sau huɗu ne. Na ce, "Sau ɗaya, shi ma da sauƙi."

"Madam, kina faɗuwa? Fitsari yana kufce miki?"

Ta sunkuyar da kai. Ni ke wanke mata zannuwa a bayan ɗaki don kada dangin miji su gani. Ta yaya zan buɗe wannan a gaban wan mijinta da wani ɗan mutane?

"Haba, ɗana, Allah ya kiyaye. Ka ga dai yadda ta shigo."

Ya yi murmushi, ya ja layi, ya ce masha Allah.

Bayan wata guda amsa ta zo: nata mai sauƙi ne, an ba waɗanda ciwonsu ke yawan tashi. Maƙwabciyata, 'yar Assakio mai sayar da doya, ta riƙe baki da na ba ta labari, ta ce min da irin Hausarsu ta can: "Maman yara, kai ma! Asibiti ka je ko gaisuwan suruki? Mu in mun je, har wanda bai same mu ba muna ƙarawa."

Na rubuta wasiƙa da hannuna na faɗi gaskiya. Aka ce an rufe suna, sai zagaye na gaba. Kafin zagayen ya zo ciwon ya tashi sau biyu, na biyun bai mayar da ƙafafun ba. Muka koma da ita a keken guragu, ba kitso ba lalle. Na zazzage komai, har da zannuwan. Saurayin nan dai, ya ƙara ƙiba, ya saurare ni har na gama.

"Hajiya, allurar ta masu tafiya da ƙafarsu ce. Nata ya wuce nan. Da kun faɗi gaskiya tun farko."

"Da ka gaya mana abin da kuke nema fa? Da ka fitar da namiji daga ɗakin? Da ka ce min in yi shiru, ita kake tambaya?"

Ya ce takardar ba ta ce a yi haka ba. Ya miƙo mana kalandar kamfanin.

Na san komai rubutacce ne, ban ja da hukuncin Ubangiji ba. Amma ƙarya na yi, da bakina, ina ganin sutura nake yi wa 'yar'uwata. Na nemi gafarar Allah, na nemi tata. Ta ce, "Yaya, ai ni ma ina da baki a ranar." Da ta zage ni, da na fi samun sauƙi.

An sayar da keken ɗinkin a shekarar. Ni na buɗe wa mai saye ƙofa, ita ta juya fuskarta bango har aka fitar da shi.